Kachalar Nguru da madatsar Tiga: me tunanin tsari zai ƙara wa ɗalibin labarin ƙasa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe a sashen labarin ƙasa, kuma ɗan Nguru ne. Tun muna aji biyu ake nanata mana tunanin tsari, ana cewa shi ne ke haɗa fanninmu da sauran fannoni. Ni dai abin da na gani bai wuce akwatuna da kibiyoyi a kan allo ba. Ina so in rubuta kundin kammala digiri a kan kachalar da ta cinye mana gonaki da wuraren kamun kifi. Shin wannan tunani zai amfane ni da wani abu, ko kuwa in auna faɗin kachalar kawai in huta? Kuma idan sai na shiga ilimin ruwa da tattalin arziki da siyasa, to ina labarin ƙasan ya tsaya?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Tambayoyi biyu ka haɗa. Ta farko, ko tunanin tsari kayan aiki ne na gaske ko kuwa ado ne da ake yi wa lacca. Ta biyu, ko wanda ya bi shi har cikin wasu fannoni zai wayi gari ya bar nasa a baya. Tun da kachala, doguwar ciyawar nan da ke tsiro cikin ruwa, ce a gabanka, da ita zan amsa duka biyun, don a ganina babu misali a ƙasar nan da ya fi ta fito da abin fili.

Kana da gaskiya a kan akwatunan. Zanen da aka ja wa kowane akwati kibiya zuwa kowane akwati bai faɗi komai ba, domin kowa ya san abubuwa suna da alaƙa da juna. Aikin yana farawa ne lokacin da ka tambayi wace kibiya ce babba, wacce ce ƙarama, kuma wacce ce take zagayowa ta dawo inda ta fito.

Abin da ake nufi da tsari shi ne tarin abubuwa da suke haɗe ta yadda gamayyarsu take yin abin da babu ɗaya daga cikinsu da zai yi shi kaɗai. Mai nazari da wannan ido yana neman sanin me ke taruwa a wurin, kamar ruwa a madatsa ko laka a gindin kogi, da yadda yake shiga yake fita. Yana neman inda sakamako yake komowa ya ƙara wa sanadinsa ƙarfi ko ya rage masa. Yana duban tsawon lokacin da ke tsakanin aiki da bayyanar sakamakonsa. Sannan yana yanke shawarar inda zai ja iyaka, ya ce daga nan zuwa nan ne abin da nake nazari. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi kowacce nauyi, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Tarihinsa ba mai tsawo ba ne. Ludwig von Bertalanffy, masanin halittu ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya yi fice wajen cewa akwai ƙa'idoji na bai-ɗaya da suke tafiyar da tsare-tsare, ko na jikin dabba ne ko na al'umma. Richard Chorley ya shigo da wannan cikin nazarin siffar ƙasa a 1962, sannan a 1971 shi da Barbara Kennedy suka rubuta littafin koyarwa da ya baza shi a sassan labarin ƙasa na jami'o'i. A ɗaya ɓangaren kuma Jay Forrester a Amurka ya mai da shi lissafin da kwamfuta za ta iya gudanarwa. Wannan ya ishe ka na jarrabawa. Mu koma bakin ruwa.

Kogin kafin 1974

Mafi yawan ruwan da ke kwance a bayan garinku ba a Nguru aka yi shi ba. Ruwan saman Nguru yana wajen milimita 500 a shekara, rana kuwa tana iya ƙafar da kusan mita 2 daga buɗaɗɗen ruwa a shekara guda. Da yankin ya dogara da samansa kaɗai, da babu fadamar. Ruwan yana zuwa ne daga kudu, inda damina ta fi ƙarfi. Kogin Kano yana tasowa daga tsaunukan kudancin Kano, Kogin Challawa yana zuwa daga yamma, su haɗu kafin Wudil su zama Kogin Hadeja. Har zuwa wajen Wudil ruwan a kan ƙasa mai dutse a ƙarƙashi yake gudu. Daga nan sai ya faɗa cikin yashi da laka na kwarin Tafkin Chadi, inda ƙasa ta shimfiɗe, ga kuma tsofaffin tuddan yashi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta gangaro kudu, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Waɗannan tuddai su suke raba kogin gida-gida: reshen Kafin Hausa, tsohon kogin Hadeja, magudanar Marma da take zuba a tafkin Nguru, da Burum Gana. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi da Katagum, ya haɗu da na Hadeja kafin Gashuwa, daga nan sunan ya koma Kogin Yobe.

A da, kogin yana da fuska biyu. A Agusta da Satumba ya cika ya malala cikin fadama, da rani kuma ya ƙafe har a taka gindinsa da ƙafa. Kowace sana'a ta san lokacinta a cikin wannan juyi. Manomin shinkafa yana shuka kafin ruwa ya iso, shinkafar ta riƙa tashi tare da shi. Kifi yana shiga ciyawar da ruwa ya rufe ya yi ƙwai. In ruwa ya fara janyewa, a shuka wake a danshin da ya bari, masunta kuma su tare kifin a kududdufai. Bayan girbi shanun Fulani su sauko su ci ɗanyar ciyawa da karmami, su bar wa gonar taki. Ruwan da ya nutse ƙasa kuwa shi ke cika rijiyoyin ƙauyukan da suke kan tudu, nesa da kogi. Fili ɗaya, masu amfani uku ko huɗu a shekara, kowa yana karɓa daga hannun wani. Abin da ya riƙe wannan zaman shi ne cikar ruwan da ƙafewarsa duka biyu. Ka riƙe wannan, don ƙafewar ce mutane suka fi mantawa da ita.

Abin da madatsun suka sauya

An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin gwamna Audu Bako, a daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya gigita Arewa da Nijar. Manufarta mai kyau ce, kuma amfaninta a fili yake. Shinkafa da tumatir da alkamar da ake nomawa a Kadawa da Kura da Garun Malam daga ruwanta suke, haka ma kaso mai yawa na ruwan shan birnin Kano. Ba na son ɗalibi ya rubuta kundi yana zagin madatsa kamar babu wanda ta ciyar. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa a wajen Ƙaraye. Su biyun suna riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Hadeja.

Abu biyu suka yi wa kogin. Sun rage ƙarfin ambaliyar damina, don suna tare ruwan. Wannan kowa ya gani nan da nan, musamman da farin shekarun 1980 ya zo ya haɗu da shi, faɗin fadamar da ruwa ke rufewa ya ragu ƙwarai. Na biyun ya fi ɓoyuwa: sun hana kogin ƙafewa. Ana sakin ruwa da rani domin gonaki da famfunan birni, abin da ya rage ya gangara ƙasa, kogin da a da yake bushewa wata da watanni ya koma mai gudu duk shekara. A kan takarda wannan alheri ne. Wa zai ƙi ruwa a watan Maris?

Kachala ba baƙuwa ba ce a yankin, tana nan a 'yan wurare tun da can. Abin da take so shi ne ruwa marar zurfi, mai tafiya a hankali, wanda ba ya yankewa. Tana yaɗuwa ta saiwar da ke rarrafe a ƙarƙashin laka, da kuma 'ya'ya marasa nauyi da iska ke kwasa. Doguwar bushewar rani ce take taka mata birki kowace shekara. Da aka cire bushewar, sai aka cire birkin.

A nan ne kibiyar da take zagayowa ta bayyana. Kachala ta tsiro a bakin magudana, sai ta rage wa ruwa gudu. Ruwan da gudunsa ya ragu yana sauke lakar da ya ɗauko. Laka ta taru, magudanar ta rage zurfi, wato ta ƙara dacewa da kachala. Kachalar ta ƙara shiga tsakiya, ruwa ya ƙara raguwa a gudu. Ana nan sai magudanar ta toshe, ruwan ya nemi wata hanya ya malala gefe, ya samar da sabon fili marar zurfi, kachala ta bi shi can. Kowane zagaye yana shirya wa na gaba wuri. Shi ya sa idan ka auna faɗinta shekara-shekara za ka ga ba a hankali take ƙaruwa ba, tana daɗewa kamar ba ta motsi sannan ta yi tsalle.

Sakamakon a ƙasa shi ne abin da ka tashi ka gani. Mafi yawan ruwan Hadeja ya karkata zuwa Marma, ɓangaren Nguru ya cika har gonakin da ake noma a da suka zama ruwa na dindindin, hanya ma ba ta tsira ba. Burum Gana da tsohon kogin kuwa suka koma samun kaɗan, kuma abin da ke isa Gashuwa daga Hadeja ya ragu har Kogin Yobe ya koma dogaro da Jama'are, wanda babu babbar madatsa a kansa tun da aikin madatsar Kafin Zaki bai kammalu ba. A fadama ɗaya za ka tarar da wani ƙauye yana kukan ruwa ya yi yawa, wani yana kukan babu, alhali sanadin ɗaya ne. Wanda ya auna faɗin kachala kawai ba zai taɓa haɗa kukan biyu ba.

Daga nan abin ya fita daga hannun masanin ruwa da masanin tsirrai. Tsuntsun janbaki ya samu wurin kwana da hayayyafa a cikin kachalar, yana fita ya far wa gero da dawa da shinkafa. Ruwa mai kwanciya ya ƙara sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, shanu kuma suna kwasar ciwon hanta. Kwalekwale ba ya ratsa kachala, raga ba ta shiga. Manomin da fadamarsa ta nutse ya hau tudu ya share sabuwar gona, wani lokaci a kan burtali ko hanyar mashaya. Makiyayin da ya sauko da rani ya tarar da inda ubansa ke kiwo ya zama ko dai kachala ko gonar da aka killace. Ranar da rikici ya kai gaban alƙali, za a rubuta shi a matsayin shari'ar manomi da makiyayi, babu wanda zai ambaci yadda ake sakin ruwa a Tiga. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abin da ya sa aka daɗe ba a gane ba shi ne jinkiri da nisa. An tare kogin a 1974, amma sai a shekarun 1990 kachalar ta zama bala'in da kowa ke magana a kai. Wajen shekara ashirin ke nan, da ɗaruruwan kilomita tsakanin inda aka yi aikin da inda aka ji zafinsa. A tsakanin nan kuma an ƙirƙiri jihohin Jigawa da Yobe a 1991, mai sakin ruwa ya zama yana wata jiha, mai shan wahalarsa a ƙasar Hadeja ma yana wata. Idan kana son hujjar cewa yanayin tsarin ne ya haifar da kachalar ba wani sakaci na mutanen Nguru ba, dubi Kogin Senegal. An kammala madatsar Diama a 1986, ruwan ƙasan kogin ya koma marar gishiri kuma mai kwanciya duk shekara, kachala ta mamaye. Wata ƙasa, wasu mutane, sauyi iri ɗaya, sakamako iri ɗaya.

Maganar iyaka

Injiniyan da ya tsara noman rani a Kadawa bai yi kuskuren lissafi ba. Iyakarsa ce ta tsaya a ƙarshen gonakin aikin, duk ruwan da ya wuce nan a wurinsa asara ne. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka matsar da iyakar zuwa ƙasa, suka ƙididdige abin da fadamar Hadeja da Nguru ke bayarwa na noma da kifi da itacen girki, suka kwatanta da abin da aikin noman rani na Kogin Kano ke bayarwa a kan ruwa daidai gwargwado. Fadamar ta fi da nisa. Ruwan bai sauya ba, inda aka ja layi ne ya sauya, amsar ta juye. Wannan darasin shi nake so ɗalibaina su fita da shi ko da sun manta sunan Bertalanffy.

Amma faɗaɗa iyaka ma yana da nasa tarkon. Za ka ji ana cewa Tiga da Challawa ne suka ƙafar da Tafkin Chadi. Tafkin ya ragu daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a tsakiyar shekarun 1980, wannan gaskiya ne. Sai dai kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke shiga tafkin daga kogunan Chari da Logone yake, daga kudu. Rabon Yobe ƙanƙane ne tun asali. Kibiyar tana nan, amma siririya ce. Ga manomin tattasai a Diffa ko masunci a Geidam kuwa, Kogin Yobe shi ne komai. Tunanin tsari na gaske yana tilasta maka ka sa wa kowace kibiya nauyi, ka kuma faɗi ga wa take da nauyin.

Akwai wani gargaɗin da ya fi wannan. A 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo wani zagaye mai kyan gani: dabbobi sun cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari tana mai da hasken rana sama, hakan ya rage haɗuwar hadari, ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa. Bayanin ya karɓu, aka daɗe ana ɗora laifin farin Sahel a kan makiyaya da manoma. Binciken da ya biyo baya, tun daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa aikin Alessandra Giannini da abokanta a 2003, ya nuna cewa sauyin ɗumin ruwan tekuna shi ne babban abin da ke juya daminar Sahel. Zagayen Charney yana da ɗan tasirinsa, amma ba shi ne jagora ba. A daidai wannan zamani Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, yana nuna akasin haka a karkarar da ke kewaye da birnin Kano: yawan jama'a ya zo da yawan hannun aiki da ƙananan dabbobi da taki da kula da itatuwa, gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu suka ci gaba da bayarwa. Zagaye na iya zama mai ɓatawa, yana iya zama mai gyarawa, kuma kyan zane ba hujja ba ne. Sai an je an auna, don in an yi kuskure talaka ne ke ɗaukar laifin.

To ina labarin ƙasan?

Duba abin da muka bi. Masanin tsirrai ya san halin kachala, amma ba aikinsa ba ne ya san dalilin da kogi ke rabuwa bayan Hadeja. Masanin ruwa ya san adadin da ke wuce Wudil, amma burtali ba ya cikin lissafinsa. Masanin tattalin arziki zai sa wa kifi farashi, amma sai an nuna masa wane ƙauye ne a sama, wanne ne a ƙasa. Tambayar "a ina, kuma me ya sa a nan" ita ce ta ɗaure su, kuma ita ce tambayarmu. Dutsen da ke ƙarƙashin Kano, yashin da ke ƙarƙashin Jigawa, jerin tuddan da suka raba ruwa, iyakar jiha da ta ratsa kogi, nisan da ya ɓoye sanadi daga sakamako, duk labarin ƙasa ne. Ba a ce ka zama gwani a fanni biyar ba. Ka san kowanne gwargwadon yadda za ka yi wa gwaninsa tambaya mai ma'ana, ka kuma gane lokacin da amsarsa ta tsaya a bakin iyakarsa.

Yadda za ka yi kundin

Kada ka ɗauki fadamar duka, ta fi ƙarfin kundin digiri na farko. Zaɓi reshe ɗaya, ko ƙauyuka biyu, ɗaya inda ruwa ya yi yawa a gefen Marma, ɗaya inda ya yanke a gefen Burum Gana. Faɗi a sarari a babin farko cewa nan ka ja iyakarka, ga dalili, ga kuma abin da ka bari a waje.

Auna faɗin kachalar, wannan ba abin rainawa ba ne. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun faro daga 1972, kuma tun 2008 kyauta ake samun su. Ɗauki hotunan wata ɗaya a shekaru daban-daban, na ƙarshen rani ya fi, don a lokacin kusan duk wani kore mai kauri da ke cikin ruwa kachala ce, ban da gonakin noman rani da za ka ware da ƙafarka. Sannan ka nemi bayanan sakin ruwa da na tashoshin auna kogi a Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Za ka iya tarar da giɓi a wasu shekaru. Ka nuna giɓin yadda yake, kada ka cike shi da zato.

Abin da na fi samun amfaninsa idan na fita da ɗalibai shi ne zama da dattawa rukuni-rukuni: masunta daban, manoma daban, makiyaya daban, mata daban. In ka haɗa su wuri ɗaya mai babbar murya ne zai yi magana. Kada ka tambaye su shekara da lamba. Tambaye su da abin da ya faru: zamanin wane hakimi ne kogi ya daina ƙafewa, kafin ko bayan an ba da jiha aka daina noma fili kaza, wane kifi ne aka daina gani. Sarkin ruwa yakan san ranar da wata magudana ta toshe fiye da kowane hoto. Bayan ka dawo sai ka jera abin da suka faɗa kusa da hotunan da bayanan ruwan. Inda uku suka dace, ka samu kibiya mai ƙarfi. Inda suka saɓa, nan ne bincikenka yake, kada ka ɓoye shi. Zanen akwatunan ya zo a ƙarshe, kada ya wuce akwati bakwai ko takwas, kuma kowace kibiya ka iya nuna hujjarta.

A babin shawarwari ka auna kowace mafita da zagayen da muka bi. Yanke kachala da lauje a aikin gayya, ko da injin, yana buɗe hanya, kuma in an yanke ta a ƙarƙashin ruwa saiwar takan shaƙe ta mutu. Amma muddin ruwa marar zurfi yana nan duk shekara za ta dawo, don haka aiki ne na kullum, sai ka tambayi wa zai riƙa biya. Yashe magudana yana maido da gudu, sai dai in aka yashe reshe ɗaya ba tare da duban sauran ba, ana iya kwashe ruwan wasu a kai wa wasu, a yi gyaran gangar Auzinawa. Mai da kachala gawayi ko abincin dabbobi ko iskar gas ta girki yana da fa'ida, an kuma gwada irinsa a nan da Senegal, amma yawan da ake iya sarrafawa kaɗan ne in an kwatanta da yawan da ke tsirowa. Mafitar da ta taɓa tushen ita ce sauya yadda ake sakin ruwa, a saki mai ƙarfi da damina, a bar ƙasan kogin ya bushe na wani lokaci da rani. Ita ce kuma ta fi wuya, domin famfon Kano da gonakin Kadawa da na kwarin Hadeja ba za su jira ba, ga kuma masu injin ban-ruwa a bakin kogi da suka gina rayuwarsu a kan ruwan ranin nan.

Inda wannan tunani yake gazawa

A nan ne ya kamata ka yi hattara da shi. Zanen tsari yana nuna ruwa da laka da kifi da mutane kamar duk abu ɗaya ne da ke kwarara, alhali a ƙarshen wata kibiyar akwai wanda yake da ikon buɗe bawul, a ƙarshen wata kuma akwai wanda ba a taɓa tambayarsa ba. An san yadda kachalar take tun shekarun 1990. An sa tafkin Nguru da Marma a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, jihohin da kogin ya ratsa sun kafa asusun haɗin gwiwa a 2006, kuma kachalar tana nan. Rashin sani ba shi ne cikas ba. Rabon ruwa tsakanin birni mai miliyoyin mutane da ƙauyukan da ke ƙasa magana ce ta iko da adalci, kuma babu lissafin kwamfuta da zai yanke ta. Zai iya nuna wa zai samu wa zai rasa a kowane zaɓi, iyakarsa ke nan.

Haka kuma ba ya hango gaba da tabbas. Damina ta inganta a yankin in an kwatanta da shekarun 1980, ambaliyar 2022 a Jigawa kuma ta nuna yadda shekara ɗaya za ta iya sauya hanyar ruwa. Don haka ka rubuta sakamakonka da sharaɗi: idan sakin ruwa ya ci gaba a haka, ga abin da ake tsammani. Ni daga ɓangaren ƙasa da ruwa na fito, saboda haka abin da ya shafi tsargiya da ciwon hanta ka kai wa likitan mutane da na dabbobi su duba maka kafin ka sa a kundi. Ka shirya fita fili sau biyu, ɗaya a Oktoba ruwa yana cike, ɗaya a Maris ko Afrilu, ka fara da gaishe da mai gari da sarkin ruwa kafin ka shiga kwalekwalen kowa, kuma kada ka taka ruwan kachala ba takalmin roba. Allah ya ba da sa'a.